Dattijo Da Tafiyar Hutu Ta Farko Shi Kaɗai: Fadamar Haɗeja Tana Kusa

Idan muka ƙidaya tafiye-tafiyen da iyayenmu suka yi a rayuwarsu, za mu tarar kusan dukansu na dole ne. An je jana'iza, an je gaisuwa, an je biki, an kai mara lafiya asibiti, an bi canjin wurin aiki, an je hedkwata neman kuɗin fansho. Ko tafiyar da ake yi da murna, kamar ta taron zumunta, a ƙungiya ake yinta. Wani ne yake sa ranar tashi, wani kuma yake riƙe da kuɗin mota. Mutum yakan kai shekara 60, ko ya cika shekara 35 yana aikin gwamnati har a sallame shi, bai taɓa tashi daga gidansa ya je wani gari domin ya huta ya ba idonsa abinci kawai ba.

Sa'ad da hutun ya zo kuwa, sai a ga dattijo zaune a ƙofar gida da rediyonsa, yau kamar jiya. 'Ya'ya sun watsu cikin birane, abokan aiki sun ragu, mai yiwuwa abokiyar zama ma ta riga shi. In ya ce yana marmarin ganin wani wuri, amsar da yakan samu ita ce, "Baba, wa zai kai ka?" Haka ma Mama. Sai a yi ta jiran ranar da wani zai sami sarari, ranar kuwa ba ta zuwa, har ƙafa ta ƙi tafiya. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi magana a wannan shafi a kan yadda dattijo ko dattijuwa mai sauran ƙarfi za su shirya tafiyar hutu su kaɗai, su je lafiya su komo lafiya.

Ina za a je?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai manyan filayen wasa da shaƙatawa waɗanda aka gina musamman domin masu hutu. Mafi suna a cikinsu shi ne Disneyland, wanda aka buɗe a Jihar Kalifoniya ta Amurka a 1955, sa'an nan aka buɗe ɗan'uwansa Walt Disney World a Jihar Fulorida a 1971. Ba yara kaɗai suke zuwa ba. Waɗanda suka ajiye aiki ma sukan tara kuɗi, su zaɓi watan da babu cunkoso, su kama ɗaki tun da wuri, su tafi abinsu. Abin koyi a wurinsu shi ne shirin da suke yi tun ana saura watanni.

Mu ma a arewa muna da wuraren shaƙatawa. Akwai Gidan Zoo na Kano da aka kafa zamanin Gwamna Audu Bako, akwai Yankari a Jihar Bauci da aka buɗe wa jama'a a 1962, akwai kuma filayen wasan yara masu lilo a manyan birane. Amma lilon da ke juya mutum sama da ƙasa ba abin mai hawan jini ko ciwon baya ba ne, hayaniyar wuraren kuma takan gajiyar da mai shekaru. Wurin da muke so mu nuna wa masu karatu ba hannun mutum ne ya gina shi ba, ba ya kuma bukatar fasfo ko jirgin sama. Shi ne fadamar Kogin Haɗeja a Jihar Jigawa, wadda masana tsuntsaye suke barin Ingila da Holan su zo su gani, alhali da yawa cikinmu da muke kusa ba mu taɓa leƙa ta ba.

Wace ce wannan fadama?

Kogin Kano da Kogin Calawa ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Da ya wuce garin Haɗeja ya nufi gabas, ƙasar ta zama shimfiɗaɗɗiya mai tuddan yashi, sai ruwan ya rarrabu ya bazu cikin tafkuna da ƙoramu. A can gaba yana saduwa da Kogin Jama'are wanda ya gangaro daga duwatsun Jos, su zama Kogin Yobe da ke zuba a Tafkin Cadi. Wannan shimfiɗar ruwa da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa ita ce ake kira fadamar Haɗeja da Nguru. Ita take ciyar da manoman shinkafa da masunta da makiyaya na wannan yanki tun kaka da kakanni.

Duniya ta san da zamanta. A 1971 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a garin Ramsar na ƙasar Iran domin kare fadamu masu muhimmanci. Wuri na farko da Nijeriya ta sa cikin wannan jeri, a shekarar 2000, shi ne Tafkin Nguru da mashigin Marma, mai faɗin hekta 58,100. A 2008 aka ƙara da fadamar Baturiya, a Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma gabas da Haɗeja, mai faɗin fiye da hekta 100,000, tare da tafkin Dagona da ke ƙasar Bade a Jihar Yobe. Dagona ne Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarta a 1989. A 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da wurare 10 gandun daji na ƙasa, fadamar Haɗeja tana cikinsu.

Abin da ya jawo mata wannan suna shi ne tsuntsaye. An ƙidaya fiye da iri 370 a yankin. Akwai namu na gida da kowa ya sani: dinya, kirinjijiya, zalɓe, balbela, da gauraka wanda ganinsa ya zama sai an yi sa'a. Akwai kuma baƙi, wato agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da suke yin sheƙa a arewacin Turai da Rasha. In sanyi ya kama ƙasarsu sai su taso, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare hamadar Sahara, su sauka a nan. Tsuntsun da bai kai kurciya girma ba yakan yi tafiyar dubban kilomitoci kowace shekara, ya zo ya koma. Wanda ya tsaya a bakin ruwa da asuba ya ga garkensu ya tashi gaba ɗaya ya rufe sararin sama, zai gane abin da ake nufi da gani ya kori ji.

Akwai dalilin da ya sa bai kamata a yi ta ɗage tafiyar ba. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, yadda ruwa yake zuwa fadamar ya sake. Wuraren da dā suke cika da damina su bushe da rani, waɗansu sun daina samun ruwa, waɗansu kuma ba sa bushewa sam. Inda ruwa ya zauna dindindin ciyawar kacala ta mamaye, ta toshe hanyoyin ruwa, ta ci gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye hatsi. Fadamar da matasan shekarun 1960 suka sani ta fi ta yau faɗi nesa ba kusa ba.

Ruwa ne yake sa rana

Abu na farko cikin shiri shi ne zaɓen lokaci, a nan kuwa kogi ne mai faɗa a ji. Daga Agusta zuwa Satumba ruwa yakan kai iyakar cikarsa. A irin wannan lokaci hanyoyin ƙauye sukan yanke, wani lokaci har da manyan hanyoyi, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta 2022 waɗanda suka rushe gidaje suka cinye gonaki a wannan masarauta. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi yakan haura digiri 40, baƙin tsuntsaye suna komawa, tafkuna da yawa sun janye.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwa ya koma mazauninsa, hanya ta bushe, baƙin tsuntsaye sun iso, rana kuma ba ta da zafi ƙwarai. Sai dai a tuna hunturu ne. Sanyin asuba a bakin ruwa yana ratsa ƙashi, hazo kuma yakan rufe gari wata rana har a kasa gani da nisa. Domin haka kada a tsara tafiyar kwana ɗaya tak a bakin ruwa ba tare da ranar ko-ta-kwana ba. A kuma guje wa makon Kirsimeti da na Sabuwar Shekara, gama kuɗin mota yakan tashi, tasha kuma ta cika.

Ga tsarin da muke ganin ya isa tafiyar farko. A tashi ranar Litinin da safe. Talata a huta, a zaga gari, a daidaita da wanda zai yi jagora. Laraba a shiga fadama tun da asuba, a komo masauki kafin rana ta take. Alhamis a koma gida, ko a ƙara kwana in hazo ya hana gani. Da haka mutum yana gida kafin Lahadi. Wanda ya kai Jumma'a ya sani da tsakar rana direbobi da masu shaguna sukan tafi masallaci. A duba kalanda kuma, domin in watan azumi ne, samun dafaffen abinci da rana yana da wuya.

Hanya da masauki

Daga Kano zuwa Haɗeja kimanin kilomita 200 ne, ana samun mota a tashar 'Yankaba, a bi ta Gujungu. A shiga mota a cikin tasha inda ake rubuta sunan fasinja, kada a tare ta a bakin titi domin arha. Mai ciwon gwiwa ya roƙi kujerar gaba, in hali ya yi ya biya kuɗin mutum biyu ya zauna shi kaɗai. Ƙa'ida ɗaya ba ta da sassauci: babu tafiyar dare. A tashi da sassafe domin a isa da sauran rana. Kafin a sa ranar tashi a tambayi mazauna wurin labarin hanya da na tsaro, musamman wanda yake so ya zarce zuwa Nguru ko Dagona. A tafiyar farko, Haɗeja da Baturiya sun isa.

Tafiya kai kaɗai ba ta hana a san da zuwanka. Kafin a bar gida a nemi mutum ɗaya amintacce a Haɗeja, ko tsohon abokin aiki, ko ɗalibin da aka taɓa koyarwa, ko wani da fasto zai haɗa ku da shi. Shi zai duba masaukin da idonsa ya gaya maka gaskiya. Abubuwan da za a tambaya su ne: akwai ɗaki a ƙasa wanda ba sai an hau bene ba? Akwai ruwa a makewayi? Ƙasan makewayin yana da santsi? Ƙarfe nawa ake kunna janareta? Faɗuwa a makewayi ta fi kowane haɗarin daji kusa da mai shekaru, saboda haka a tafi da silifa mai kama ƙasa da tocila.

Lafiya uwar jiki

Ana saura mako biyu a je asibiti a auna jini da suga, a gaya wa likita inda za a da abin da za a yi. In ya ce a dakata, a dakata. A ɗauki maganin da ake sha kullum wanda zai kai ninki biyu na kwanakin tafiyar, a raba shi kashi biyu, ɗaya a jaka ɗaya a aljihu. A rubuta suna, da ciwon da ake fama da shi, da sunayen magunguna, da lambar waya ta mutum biyu a takarda, a sa a aljihun gaba. Waya takan mutu ko ta faɗa ruwa, takarda kuwa kowa zai iya karantawa. Akwai babban asibiti a garin Haɗeja, a san inda yake tun ranar da aka sauka.

Inda ruwa yake, sauro yana nan ko da hunturu, sai a tafi da gidan sauro. Kada a yi wanka ko a tsoma ƙafa cikin ruwan da ke kwance, gama a irinsa ake ɗaukar tsargiya. A sha ruwan da aka tabbatar da tsabtarsa, a kuma riƙa sha ko ba a ji ƙishi ba, domin iskar hunturu tana busar da jiki ba a sani ba, mai shekaru kuma ba ya saurin jin ƙishi. A ɗauki rigar sanyi, da hula ko mayafi, da man shafawa, da abin rufe hanci ga mai asma. Mai ciwon suga kada ya fita da asuba bai karya ba, ya kuma riƙe ɗan abin taɓawa a jaka.

Wanda bai taɓa tafiya shi kaɗai ba ya fara gwaji. Ya je wani gari na kusa da safe ya komo da yamma, ya biya kuɗin mota da kansa, ya nemi abinci da kansa. A nan zai gane ko jakar ta yi nauyi, ko takalmin yana matsa masa. Sannu ba ta hana zuwa.

Batun kuɗi

Farashi yana sakewa kullum, saboda haka a tambayi na yanzu a tasha da masauki, a rubuta. A kasa kuɗin gida huɗu: na mota, na ɗaki, na abinci, da na jagora da kwalekwale. Bayan waɗannan a ware wani kaso wanda zai isa kuɗin komawa gida da kwana ɗaya na ƙari, a ɓoye shi dabam, kada a taɓa. A cikin gari ana iya cire kuɗi, amma a ƙauyukan bakin ruwa layin waya yakan ɗauke, sai a riƙe tsabar kuɗi da canji. Kada a ci bashi domin hutu. Wanda ya fara ajiye ɗan abu daga fansho ko ya shiga adashi tun farkon damina, kafin Disamba ya haɗa guzurinsa.

A bakin ruwa

Kada a shiga fadama ba jagora. Hanyoyin yashi ne masu rassa da yawa, baƙo ba ya bambanta su. Baturiya wuri ne da hukuma take tsaro, sai a fara gabatar da kai ga ma'aikatan wurin a nemi izini, a kuma gai da mai gari yadda al'ada ta tanada. A daidaita kuɗin mota ko babur da na kwalekwale tun kafin a tashi, zuwa da komowa. Dattijo ya fi samun sauƙi a mota ko da ta fi tsada, gama babur cikin yashi yana wahalar da ƙugu.

Shiga kwalekwale ba dole ba ne, ana ganin tsuntsaye da yawa daga gaɓa. Wanda zai shiga ya nemi rigar kariya, ya ƙi jirgin da aka cika maƙil, ya zauna a tsakiya, kada ya miƙe tsaye sai an daidaita jirgin a gaɓa. Tsuntsaye sun fi fitowa da hudowar rana da kuma la'asar sakaliya. A sa tufafi marasa ƙyalli, a yi shiru, a sami inuwa a zauna a kan 'yar kujera ko tabarma. Madubin hangen nesa yana da amfani in an samu aro. Wannan kallo ne da ya fi dacewa da mai haƙuri, a nan kuwa dattawa sun fi matasa.

A tuna wurin nan gonar mutane ce da wurin sana'arsu. A yi sallama, a nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa, musamman mata. Masunta sun san sunan kowane tsuntsu da kowane kifi, sun san shekarar da ruwa ya yi yawa da shekarar da ya ƙi zuwa. Wanda ya zo cikin ayari ba ya samun zama da su. Wanda ya zo shi kaɗai, da furfurarsa da Hausa a bakinsa, za a shimfiɗa masa tabarma. Kada a sayi tsuntsun daji da aka kama, gama ciniki ne yake ƙarfafa masu tarko.

Garin Haɗeja kansa

Ranar hutawa ba za ta tafi a banza ba. Haɗeja tsohuwar masarauta ce mai ƙananan hukumomi 8: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori. Tana cikin Jihar Kano har 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. A nan Sarki Buhari ya yi zamani a tsakiyar ƙarni na 19, wanda ya ƙi bin umarnin Sakkwato har ƙarshen ransa. A nan kuma Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, ya faɗi a fagen fama a watan Afrilu na 1906. A je a ga ƙofar fada, a je kasuwar kifi wadda fatake suke zuwa saye daga nesa, a sayi busasshiyar tarwaɗa da tabarmar kaba domin tsarabar jikoki. Waɗanda suka yi aikin jirgin ƙasa za su so leƙa Malam Madori, inda layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda aka gama a 1930, ya ratsa.

Kalma ga 'ya'ya

Mun san tsoron da yake zuciyar 'ya'ya, tsoro ne na ƙauna. Amma hana iyaye motsi ba ya tsawaita ƙarfinsu, zaman wuri ɗaya ma yana cin jiki da zuciya. Mutumin da ya riƙe aji, ko ofis, ko gona, ko gida mai mutum goma shekara da shekaru, bai kasa riƙe jakarsa kwana huɗu ba. In likita ya yarda, ku taimaka da abin da ya dace: ku sa kati a waya, ku sayi batirin ajiya na caji, ku rubuta lambar direba da ta jagora, ku sa lokacin kira sau biyu a rana, safe da yamma. Sauran ku bar musu. Wanda mantuwa ta fara damunsa, ko wanda jiri yake ɗiba, shi kam a raka shi, amma a bar shi ya zaɓi inda za a.

Ga iyayenmu kuma, shawararmu ita ce a ɗauki kalanda yau a zagaye mako ɗaya tsakanin Nuwamba da Fabrairu, a gaya wa iyali, a fara ajiya. Zuwa da kai ya fi saƙo. Allah ya kai lafiya, ya komo da ku lafiya.